Hawan Kibo da fitilun da muke rufe wa baki

Duk wanda ya raɗa wa Hawan Kibo suna, daga gindin dutsen ya tsaya ya ɗaga kai. Ya ga tudu a gabansa, ya ji nishin dabbarsa ko kukan injin motarsa, sai ya kira wurin hawa. Amma direbobin da suka tsufa a kan hanyar Jos zuwa Akwanga sun san cewa gangarar ce abin tsoro. Motar da ta gaza a hawa tsayawa take yi, a danna mata weji, fasinjoji su sauko su miƙe ƙafa har a samo bakanike. Wadda ta gaza a gangara kuwa ba ta da wurin tsayawa sai inda Allah ya nufa.

Garin Jos yana zaune ne a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga bakin teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin wannan tsayi ba. Matafiyin da ya baro Jos ba ya jin wannan bambanci da wuri. Zai wuce Bukuru da tsofaffin kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ya isa Mararrabar Jama'a inda hanyar Mangu da Pankshin take rabuwa da ta Abuja, ya ratsa ƙasar Riyom da duwatsunta da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Dama da hagu gonakin dankalin Turawa ne da acca da masara, wasu an kewaye su da shingen ƙyarana. Ƙasar a shimfiɗe take, iska na kaɗawa da sanyi, har mutum ya manta cewa a saman bene yake tafiya. Sai bayan tafiyar kimanin sa'a guda ƙasa take karyewa a gabansa, hanya ta fara lanƙwasa tana sauka, kwana bayan kwana, dutse a gefe guda, kwazazzabo a ɗaya gefen. A nan ne tudun Jos yake biyan bashin tsayinsa, kuma birkin mota ne yake biya masa.

Lissafin ba shi da wuya. Birki ba ya ɓatar da ƙarfin gudu, juya shi yake yi ya koma zafi. Ƙaramar mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, duk mita 100 da ta sauka ƙasa, ƙarfin da dole a shanye ya isa ya kai ruwa lita 4 ga tafasa. Tirelar da ta ɗauko siminti buhu 600 tana ɗauke da tan 30 ban da nauyin jikinta, sai mai karatu ya ninka lissafin da kansa. Idan direba ya saka ƙaramar giya, inji yana ɗaukar kaso mai yawa na wannan nauyi. Idan kuma ya jefa motar a firi don ya tsimi mai, kamar yadda na ga ana yawan yi tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, to komai ya koma kan fad da faifan birki. Su kuma suna da iyaka. Man birki irin wanda aka rubuta wa DOT 3 yana jure zafin da ya kai digiri 205 a ma'aunin salsiyos idan sabo ne, amma yana shan danshin iska a hankali, kuma idan ya tsufa ya sha ruwa sai jurewarsa ta faɗo zuwa wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa, kumfa ta cika bututun, direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka auduga. Ragowar motocin da ke kwance a kwazazzabon Hawan Kibo, masu tsatsa da waɗanda fentinsu bai ko dushe ba, sun isa wa'azi.

A watan Agusta na je Jos wani aiki na kwana uku, da niyyar in gangara Keffi a rana ta huɗu. Agustan Jos sananne ne: ruwa ba dare ba rana, hazo yana sauka har kan titi, ƙananan hanyoyin unguwanni sun zama taɓo. Da yammacin rana ta biyu, ina fitowa daga wata hanya mai ramuka da ruwa ya cike, sai fitilu biyu masu ruwan ɗorawa suka kama a allon gaban direba. Ɗaya tana ɗauke da haruffan ABS, ɗayar kuma hoton mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Da na sha wata kwana mai kaifi, ta uku ta leƙo, ja wur, da'ira da alamar motsin rai a tsakiyarta, ta ɗauke, ta sake dawowa a kwana ta gaba. Motar ba ta canza komai ba a tafiyarta. Birki yana kamawa, inji yana kuka yadda ya saba. Wannan shi ne abin da ke yaudarar mutane da waɗannan fitilu, domin ranar da suke kamawa ba ita ce ranar da ake bukatar abin da suke magana a kai ba.

Na tsaya a wani gareji na bakin hanya. Mai garejin ya leƙa ta taga, ya yi dariya, ya ce, "Oga, wannan ai ba komai ba ne. Duk motar Beljiyam haka take. In tana damun idonka, in buɗe allon in cire ƙwan, ko in manna mata baƙin salatif. Minti goma." Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya, irin ta mai son ya sauƙaƙa wa baƙo. Na yi masa godiya na wuce, domin gangarar Hawan Kibo tana jirana jibi, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kamata mai karatu ya san cewa waɗannan fitilu uku ba darajarsu ɗaya ba. Jar fitilar ita ce babba, kuma ita ce mafi tsufa. A motocin da aka ƙera don Amurka kalmar birki ce da Turanci ake rubutawa a madadin da'irar. Abu uku ne galibi ke kunna ta: birkin hannu bai sauka duka ba, ko man birki ya yi ƙasa a cikin ƙoƙonsa, ko kuma wani sashe na bututun ya rasa matsi. Idan birkin hannu a sauke yake kuma ta ƙi mutuwa, hukuncinta shi ne a tsaya. Fitilar ABS kuwa tana sanar da direba ne cewa na'urar da ke hana taya ƙamewa a lokacin birkin gaggawa ta janye hannunta daga aiki. Birki na yau da kullum yana nan, amma ranar da aka taka shi da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, tayoyi za su ƙame, motar ta ci gaba da sulɓewa gaba ko da an murɗa sitiyari har ƙarshe. Ta uku, mai hoton mota da layuka, ta na'urar hana santsi ce. Idan tana ƙiftawa a lokacin da taya ke neman sulɓewa, aikinta take yi. Idan ta kama ta tsaya cak, ta daina aiki ke nan. Idan kuwa ja da ta ABS suka kama tare suka zauna, akwai yiwuwar rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya lalace, kuma tayoyin baya za su iya riga na gaba ƙamewa, abin da ke sa mota ta juya ta kalli inda ta fito.

Waɗannan na'urori ba baƙi ba ne a duniya. Kamfanin Bosch na Jamus tare da Mercedes-Benz suka fito da ABS mai aiki da lantarki a 1978, sannan a 1995 suka ƙara da na'urar daidaita mota a kwana, wadda Turawan Turai ke kira ESP, Toyota ta kira tata VSC, Honda kuma VSA. Amurka ta wajabta irin wannan na'ura a kan sababbin ƙananan motoci tun daga samfurin 2012, Tarayyar Turai ta bi sahu a kan dukkan sababbin motoci a 2014. Tun da mafi yawan motocin da muke hawa daga waɗannan ƙasashe suke zuwa bayan sun gama yi musu aiki, sau da yawa wanda ya sayi mota a 'yan shekarun nan ya biya kuɗin waɗannan na'urori, ko ya sani ko bai sani ba.

Washegari da sassafe na nufi Farin Gada, inda kanikawan Jos suka yi sansani. Wuri ne da ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta canza launi, rumfunan kwano a jere, gawarwakin motoci an ɗora wasu kan duwatsu, yaran gareji suna kai da komo da sifanu a aljihun baya. Ba nisa da nan kasuwar kayan gwari take, don haka ƙamshin tumatir da kabeji yana gauraya da warin fetur idan iska ta juyo. Kowace rumfa da fanninta: mai inji daban, mai giya daban, mai ƙafa daban, mai wayarin daban, mai faci yana can bakin hanya. Wani abokin aikina ya yi mini kwatancen wani dattijo mai gyaran ƙafar mota da birki, wanda ya koyi sana'a a kan Peugeot 404 da 504 tun lokacin da masana'antar Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, take cika titunan ƙasar nan. Na same shi zaune a kan benci yana shan shayi, rigar sanyi a jikinsa.

Bayan mun gaisa na ba shi labari, bai ko kalli allon ba. Ya ce in buɗe bonet. Ya goge ƙoƙon man birki da tsumma, ya nuna mini inda man ya tsaya, daf da layin ƙasa. Wani yaronsa ya ruga zai ɗauko gwangwanin mai ya cika, dattijon ya daka masa tsawa. Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, man birki ba ya ƙonewa kamar man inji. In ka ga ya ragu, ɗayan biyu ne: ko fad ya cinye, ko akwai inda yake yoyo. Wanda ya cika shi bai duba ba, ya rufe bakin mai ba shi labari ne kawai." Ya bayyana mini cewa yayin da fad yake sirancewa, abin da ke tura shi yana ƙara fitowa waje, mai kuma yana bin sa ya cike gurbin, shi ya sa yake raguwa a sama. Abin da ke auna man yana yawo ne a kansa kamar ƙwarya a kan ruwa, don haka idan mota ta sha kwana ko ta kama gangara man ya karkata, sai fitilar ta leƙo ta koma. Aka ɗaga motar a jak, aka cire tayoyi. Ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana neman danshi, bai samu ba. Fad ɗin gaba kuwa ya kusa kaiwa ƙarfe.

Na tambaye shi sauran fitilu biyun. Ya ajiye sifana ya ce, "Wannan ba gonata ba ce. Mu kunne muka koya da hannu. A kira yaron nan mai kwamfuta." Wannan magana ta ƙara masa girma a idona. Da yawa daga ɓarnar da ake yi wa motocin zamani ta samo asali ne daga bakaniken da yake jin kunyar cewa abu ya wuce saninsa.

Mai kwamfutar matashi ne da bai wuce shekara 25 ba, ya zo da wata 'yar na'ura a cikin jaka kamar ta ɗan makaranta. Ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya jona ta a wani soket mai ramuka 16. Irin wannan soket Amurka ta wajabta shi a kan motoci tun 1996, Turai kuma ta bi baya a kan motocin fetur a 2001, saboda haka da wuya a samu motar Beljiyam ta wannan zamani da ba ta da shi. Ya gaya mini cewa ƙananan na'urorin da ake sayarwa da araha inji kaɗai suke karantawa, lambobin da ke farawa da harafin P, alhali matsalar birki da ƙafa tana zuwa ne da lambar da ke farawa da harafin C. Mutum zai iya biyan kuɗi a jona masa irin waccan, a ce masa motarsa lafiya ƙalau, fitila kuwa tana nan tana kallonsa. Tasa na'urar ta nuna lamba guda: sansar tayar baya ta dama ba ta aiko da saƙo.

A nan ne na fahimci dalilin da ya sa fitilu biyun suka kama tare. Kowace taya tana da 'yar sansa da ke ƙirga juyawarta, ta hanyar wani zobe mai haƙora ko mai maganaɗisu da ke juyawa tare da ita. Ƙwaƙwalwar motar tana kwatanta saƙon tayoyi huɗun sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan ɗaya ta tsaya alhali sauran na gudu, ta san ta ƙame, sai ta sassauta mata birki. Idan ɗaya ta fi sauran gudu, ta san tana sulɓewa, sai ta rage wa inji ƙarfi ko ta ɗan kama ta. ABS da na'urar hana santsi duka da waɗannan idanu huɗu suke gani, don haka idan ido ɗaya ya makance, dukansu sukan janye su kunna fitila maimakon su yi aiki da labarin ƙarya.

Matashin bai ce a sayo sabuwar sansa ba. Ya ce lambar ta nuna masa unguwa ne, ba ta nuna masa gida ba. Ya fara da auna batir, domin batir mai rauni ko altanetar da ba ta caji sosai sukan kunna waɗannan fitilu ba tare da komai ya lalace a ƙafa ba. Ya duba fis. Ya sa yaro ya tsaya a baya ya ga ko jar wutar baya tana kamawa idan an taka birki, saboda ɗan makunnin da ke bayan abin takawar yana cikin masu jawo wannan rigima. Ya karanta lambobin da ke jikin tayoyi huɗun ya tabbatar girmansu ɗaya, tun da taya mai girma daban juyawarta daban take, kuma ƙwaƙwalwa za ta ɗauka santsi ne. Ya ce a wasu motocin ma, matsalar inji kaɗai ta isa ta kunna fitilar hana santsi, a wasu kuma gyaran alaimen da aka yi ba a daidaita sansar sitiyari ba. Sannan ya kwanta a kan kwali ya shiga ƙarƙashin motar. Bayan ɗan lokaci ya kira ni in leƙa. Maƙalin da ke riƙe wayar sansar ya karye, wayar ta daɗe tana gogar ƙarfe, ruwan jiya da taɓo suka ƙarasa ta. Ya yanke wurin da ya ruɓe, ya haɗa da dalma maimakon murɗawa da hannu, ya rufe, ya ɗaure ta nesa da inda take goga. Ladan aikinsa bai kai kuɗin rabin tankin mai ba.

Fad kuwa sai da muka shiga Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota ta Jos, ni da yaron dattijon. Shaguna ne a cushe, kaya har rufi, kuma kowane abu yana da daraja hawa-hawa: na asali, da na Beljiyam wanda aka ciro daga wata mota, da mai araha wanda kwalinsa ya fi cikinsa kyau. Dattijon ya riga ya ja kunnen yaron cewa fad da man birki ba a sayen na hannu, kuma gwangwanin mai sai wanda hatiminsa bai taɓu ba, domin wanda aka buɗe aka ajiye ya riga ya fara shan danshi. A nan wani mai shago ya ƙara mini wani ilimi. Ya ce akwai boris iri biyu da suke kama da juna kamar tagwaye, ɗaya da zoben maganaɗisu a jikinsa, ɗaya babu. Mai mota yakan zaɓi mai arahar, a ɗaura masa, ya tashi mota ya ga fitilar ABS ta kama, daga nan sai a ce masa ai duk Beljiyam haka take. Da muka koma aka ɗaura fad, aka zuƙe tsohon man da ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, aka zuba sabo, aka fitar da iska taya bayan taya. Muka zagaya da motar har Bauchi Road muka dawo, allon ya yi tsit.

Maganar nan ta "duk Beljiyam haka take" ta cancanci a tsaya a kanta, domin akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. Motocin nan da muka raɗa wa sunan ƙasar da tashar jiragen ruwanta ta Antwerp ta daɗe tana loda su zuwa Kwatano da Legas, da 'yan uwansu da ke zuwa daga Amurka da Kanada, sun yi shekaru suna tafiya a kan titunan da ake barbaɗa wa gishiri a lokacin ƙanƙara. Gishirin yana cin zoben haƙora da bakin waya. Wasu kuma motocin haɗari ne da aka gyara. Saboda haka da yawa suna isowa da fitila a kunne, kuma dillalin da ba ya son ciniki ya lalace ya san inda ƙwan yake. Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, wanda ya kamata duk mai sayen mota ya sani. Idan aka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun gargaɗi suna kamawa, wasu su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, wasu kuma sai inji ya tashi, wato motar tana gwada kanta. Fitilar da ba ta kama ba a wannan lokaci, ko dai kashe ta aka yi, ko ta lalace. Na yi wannan gwaji da ido a tashoshin mota, ina zaune a gaba cikin Vectra ko Sharon ko Sienna, kuma sau da yawa abin da nake gani shi ne baƙin salatif, ko hoton wani malami ko ɗan siyasa da aka jingina daidai inda fitilar take.

Direbobin haya suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce ABS yana hana birki kamawa, ka taka ka ji abin yana harbin ƙafarka yana gurnani, motar kuma ba ta tsaya nan take ba. Gaskiya ne cewa a kan tsakuwa ko yashi mai laushi, mota mai ABS takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya. Gaskiya ne kuma cewa idan mota ta kafe a taɓo, na'urar hana santsi takan hana ta fita, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka sa maɓallin kashe ta na ɗan lokaci. Amma harbin ƙafar nan da ake tsoro, alama ce ta cewa na'urar tana kamawa tana saki da saurin da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba, domin taya ta ci gaba da juyawa, sitiyari kuma ya ci gaba da jin magana. Abin da ake so daga direba a wannan lokaci shi ne ya danne birkin kada ya ɗaga, ya kuma juya inda yake son zuwa. A kan kwalta mai ruwa, a kwanar da kwazazzabo ke jira, ikon juyawa ya fi 'yan taku biyu ko uku daraja.

Ranar tafiya na bar Jos bayan sallar asuba da ɗan jinkiri, don hazo ya ɗaga. Ruwa yana yayyafi har na wuce Riyom. A bakin gangarar mata sun riga sun jera kayansu a gefen titi, dankali a bokitai, karas da kabeji da tumatir, suna ɗaga wa motoci hannu. Na mayar da giya ƙasa tun kafin hanya ta karkata, abin da mai mota otomatik ma zai iya yi idan ya ja sandar zuwa 2 ko L. Inji ya ɗaga murya, motar ta riƙe kanta, ƙafata tana taɓa birki jefi-jefi. Wata ƙaramar mota cike da fasinja ta wuce ni shiru kamar iska, alamar a firi take, jar wutar bayanta a kunne tun daga sama har ta ɓace mini.

A wata kwana da ba a hango gabanta, na ga ɗanyen ganye a kan titi, reshe ɗaya, sai wani bayan 'yan taku. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san ma'anarsa. Na taka birki, ban gama rage gudu ba sai ga tirela a tsaye ta cinye hannuna, an danna mata duwatsu a tayoyi, hayaƙi na tashi daga ƙafafunta na baya, yaron motar yana watsa musu ruwa da jarka. Na ƙara danna birkin a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, na ji ya harbi tafin ƙafata sau da yawa a jere, na karkata sitiyari, motar ta bi, na raɓa ta gefenta na wuce. Duka abin bai fi daƙiƙa uku ba. Ba zan ce da wayar nan tana tsinke da wani abu ya faru ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne a cikin daƙiƙoƙin nan uku motar ta yi amfani da abin da aka nemi a rufe da salatif kwana biyu da suka wuce.

Na tsaya a ƙasa, kusa da magangarar ruwa ta Assop, inda iska ta fara ɗumi, itatuwa suka yi kauri, kafin mararrabar Forest da ke raba mai zuwa Kafanchan da mai zuwa Akwanga. Warin fad da ya ƙone yana tashi daga motocin da ke wucewa, wari mai kama da na gashin da wuta ta taɓa. Ina nan tsaye ganyen nan ya ƙi barin raina. Babu direban da zai ga ɗanyen reshe a tsakiyar titi ya ce ado ne, ko ya sauko ya share shi don yana damun idonsa. Mun yarda da ganye saboda mun san wanda ya ajiye shi, mun kuma san abin da ke bayansa. Fitilar da ke gaban direba ita ma ganye ce, motar ce ta ajiye masa, sai dai ba a taɓa zaunar da shi an fassara masa ita ba. Littafin da ke bayaninta da Turanci ko Jamusanci yake, kuma galibi ya ɓace tun kafin motar ta sauka daga jirgi.

Wannan giɓi ne da za a iya cikewa ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Ƙungiyoyin direbobi suna da iko a tashoshinsu, za su iya sa a murɗa makulli a gaban mai lodi kafin motar da za ta gangara Hawan Kibo ta ɗauki fasinja. Ƙungiyoyin kanikawa za su iya ɗaukar cire ƙwan fitilar birki a matsayin abin kunya ga sana'a. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, da gidajen rediyonmu, za su iya bayyana ma'anar waɗannan alamu da Hausa da sauran harsunanmu, a manna a tasha kamar yadda ake manna farashin kujera. Kwalejojin fasaha kuma su buɗe ƙofa ga irin dattijon Farin Gada da yaransa, domin kunnensa da kwamfutar matashin nan sai da suka haɗu kafin motata ta warke. Fasinja ma yana da haƙƙin tambaya, tun da ransa ne a cikin motar. Malamanmu sun koya mana cewa ɗaure raƙumi ba ya warware tawakkali, kuma in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah ya kai matafiya gida lafiya.